Kuramochi Da Ginshiƙi Mai Yawo

Ku matso ku ji abin da Kuramochi ya yi mana a zauren unguwa, don in kuka bari shi ya ba ku labarin da bakinsa, sai kun tashi kuna neman a kafa masa mutum-mutumi a bakin tashar jirgi.

Kuramochi maƙwabcina ne, shagona na kifi yana kallon ƙofar gidansa. Da can katifa yake tallatawa gida-gida. Yanzu ya yi ritaya, bakin ne kawai ya ƙi yi. Babu abin da bai iya ba a duniya. Ka ce masa jirgi ya makara, zai gaya maka inda direban ya yi kuskure. Ni Gonda da na tsufa ina yanka kifi, sai ya tsaya a kaina ya ce in ɗan karkata wuƙar.

To, ƙarshen lokacin zafi ƙasa ta ɗan girgiza mu, irin wadda ko kare ba ya ɗaga kai saboda ita. Amma a zauren unguwa akwai wani tsohon kabad, dogo har kusa da silin, cike da kwanukan tangaran da kofunan shayi da ake fitowa da su ran walimar tsofaffi. Kabad ya yi rawa, wasu kofuna suka faɗo. Aka kira taro.

Baba Hatano shi ne shugaban masu kula da bala'i a unguwarmu, mai farar hular kwano mai jan layi da usur a wuya. Gwiwa ta gaza masa, ya riga ya ce ran walima zai miƙa hular ga wani. Mutum biyu ke so: Inna Ikegami, tsohuwar nas, da Kuramochi. Shi kam hular nan ta hana shi sakat. Matarsa Fusae ta ce ta taɓa kama shi gaban madubi da tukunyar miya a ka, yana sara wa kansa.

A taron Inna Ikegami ta ce, "Maganar ba ta da tsawo. A kira kafinta ya ɗaure kabad ɗin da bango."

Kuramochi ya miƙe kamar an tsikare shi. "Kafinta? Ina raye? Haba jama'a, kada ku ba ni kunya. Ku saurara in koya muku. Bangon nan allon farar ƙasa ne, in ka ɗaura masa sukuru kamar ka soka tsinke ne a awara. Sai ka nemo ginshiƙin katako da ke tsaye a bayansa, a nan ake ɗaurawa. Nemo ginshiƙin shi ne aikin. Kuma ga na'urata." Ya ɗaga ɗan yatsa a lanƙwashe, ya zagaya da shi kowa ya gani.

Baba Hatano ya gaji, yana so ya je gida ya miƙe ƙafa. Ya ce, "To, shi ke nan. Ran walima zan girgiza kabad ɗin da hannuna. In bai motsa ba, hula taka ce. In ya motsa, ta Ikegami ce."

"Baba, ka fara goge ta," in ji Kuramochi.

Washegari da yamma na rufe shago da wuri, don ni ba na bari kallon kyauta ya wuce ni. Matan unguwa suna zauren suna koyon rawar da za su yi wa tsofaffi, butar koren shayi tana zagayawa. Ni da Kuramochi muka tura kabad gefe, wato ni na tura, shi yana ba da umarni.

Ya naɗe hannun riga, ya manna kunne a bango, ya ce kowa ya yi shiru. Ƙwas ƙwas. "Kun ji? Fanko." Ya matsa. Ƙwas ƙwas. "Fanko." Ya ƙara matsawa. Dum dum. Ya juyo yana murmushi kamar wanda ya haƙo zinariya. "Ga shi nan. Gonda, miƙo fensir."

Ya yi alama, ya ci gaba. Dum dum. Dum dum. Har ya yi tafiyar faɗin tabarma guda bai fita daga ginshiƙin ba.

Na ce, "Oga, wannan ginshiƙi ne ko gindin bishiya?"

"Maginan da ba su da rowa, ba irin na yanzu ba. Kai dai ka tsaya a kan kifinka."

Ya tsaya yi wa mata lacca a kan kunnensa, wai tun yana yaro yana jin tafiyar tururuwa a cikin katako. Ana cikin haka Kaka Umeno, wadda ta haura casa'in kuma ita ke shanye rabin butar, ta dogara sandarta ta zagaya banɗaki. Kuramochi ya yafito Inna Ikegami.

"Zo, 'yar'uwa, ki ji da kunnenki, ko kya koyi wani abu kafin ran walima."

Ya ƙwanƙwasa daidai kan alamar. Ƙwas ƙwas. Fanko. Ya sake. Fanko. Ya bi sama, ya bi ƙasa, ya bi gefe, ko'ina kamar ganga.

"Na ji," in ji Ikegami. "Na kuwa koya."

"Ɗazu yana nan! Gonda, ba ka ji ba?"

Na ce, "Na ji kam. Ƙila ya fita shan iska."

Kaka Umeno ta dawo ta zauna, ta miƙa kofi a ƙara mata. Kuramochi ya kai wa bango wani bugu na haushi. Dum! Ya daka tsalle. "Ya dawo! Kun ji? Ya dawo!"

Fusae ta ajiye maficin rawa ta ce, "Maigida, wannan bangon fa..."

"Fusae, na taɓa sa miki baki a tukunya?"

"Kullum."

"To ke kada ki sa mini a bango."

Ta ce to, ta ɗauki maficinta ta koma layin rawa.

Da safe yatsan ya kumbura ya zama kamar ƙaramin dankali. Ya zo shagona ya ce in raka shi kantin kayan gini, wai ba don yana bukatar komai ba, don dai ya ga abin da ake yaudarar mutane da shi yanzu. Wata yarinya mai rigar kantin ta tare mu ta sunkuya.

"Sannu da zuwa, Baba. Abin neman ginshiƙi? Wane irin bango ne?"

"Irin mai tsayuwa."

Ta yi haƙuri ta jera masa kala uku. Ga mai allura: ka danna a bango, in ta shige duka babu komai, in ta tsaya katako ne. Ga maganaɗisu, yana kama kan sukurun da ke jikin ginshiƙi. Ga kuma na'ura mai batir, ka goga ta a bango, in ta ji abu ta yi ƙara. Ta ce, "Amma Baba, kafin komai, gara ka leƙa ka ga abin da ke bayan bangon."

"'Yata, ina ƙwanƙwasa bango tun babanki yana rarrafe. Bayan bango ai bango ne. Ba ni mai allurar. Mata ne ba sa yarda da kunne, sai sun gani da ido."

Da yamma muka koma. Ya danna allura, ta shige kaɗan ta tsaya cak. Ya liƙa jan salatef a wurin, ya sunkuya wa mata kamar ya gama waƙa. Kafin ya ɗago, wata ta zagaya banɗaki. Ya sake dannawa kusa da wurin don ya nuna wa Ikegami, allura ta shige zuruf har gindi, shi ma ya kusa bin ta. Daga nan fa ido ya rufe. Soka nan, soka can, nan ta tsaya, nan ta shige, inda ta tsaya ɗazu yanzu ta shige. Kafin a gama waƙa biyu bangon ya koma rariya, farin gari ya rufe masa gira.

Ikegami ta ce, "Na tsufa ina yi wa mutane allura, ban taɓa cin mutuncin majinyaci ɗaya haka ba. Ka bar shi ya huta mana, jijiyar ta gudu."

"Ke ina ruwanki? Gwaji nake."

A nan ne Fusae ta ce, "Gonda, zo ka sauke mini tukunya a kicin." Na bi ta. Ba kicin ta kai ni ba, sai ta zagaya da ni lungun da banɗaki yake, ta nuna mini ƙofar. Ƙofar turawa ce, irin wadda in ka buɗe ta sai ta shige cikin bango ta ɓace. Kuma bangon da take shigewa, shi ne wanda mijinta yake ta soka daga ɗaya gefen. In babu kowa a ciki, a buɗe ake barin ta don iska, tana kwance cikin bango: ga ginshiƙi. Wani ya shiga ya jawo ta ya rufe: ginshiƙi ya tafi.

Na dafa bango don kada dariya ta ka da ni. Na ce, "Inna, ki gaya masa mana."

"Na gwada, kana wurin. Ni nake wanke banɗakin nan tun kafin gashinsa ya zube, amma ban san bango ba. Ran da na ga ya ɗauko injin huda zan faɗa masa. Kafin nan bari ya ɗan motsa jini, likita ma ya ce yana bukata."

Kafin shayi ya huce duk matan sun sani. Ranar rawa ba ta yi kyau ba, kowace tana rufe baki da mafici.

Kashegari yarinyar kanti ta gan mu ta sake sunkuyawa. "Baba, ka dawo? Allurar ba ta yi ba?"

"Allurarku ba ta da tsayayyen ra'ayi. Ba ni maganaɗisu, wanda ya fi kowanne ƙarfi."

Ta ba shi wani da sai da ya fizge mini makullan shago daga aljihu. A zaure ya yi ta shafa shi a bango, can sai ɗaf, ya kama. Ƙarfen hannun ƙofar ne ya jawo shi daga ciki, amma wa zai faɗa? Kuramochi ya saki hannu, maganaɗisu ya tsaya shi kaɗai a jikin bango. Ya ja da baya, ya rungume hannu.

"Ƙarfe ba ya ƙarya. Ikegami, ko wannan ma shan iska zai je?"

Ikegami ta kalli Kaka Umeno. Kaka ta kalli kofinta, ta yi ajiyar zuciya, ta jawo sanda.

Jama'a, da idona na gani. Maganaɗisu ya motsa. Ya kama hanya a jikin bango a hankali, irin tafiyar Kaka sak, ya wuce ta ƙarƙashin hancin Kuramochi, ya ci gaba abinsa, ya kai ƙarshe, ya faɗo ƙwal a kan babban yatsan ƙafarsa. Ga shi a zaure safa kawai ake sawa.

Ya riƙe ƙafa yana tsalle da ɗaya. Na ce, "Oga, wannan ba aikin kanti ba ne. Fatalwa ce a bangon nan. A kira mai addu'a ya zo ya kaɗa reshe, a zuba gishiri a kore ta."

"Jahilci dai bai yi ba. Ƙarfen ƙarƙashin ƙasa ne ke jan sa. Masu ilimi sun san wannan. Alama ce ma ta cewa babbar girgiza na tafe, shi ya sa unguwar nan take bukatar shugaba mai kai."

"Ƙarfen ƙarƙashin ƙasa yana shan shayi kuwa?" in ji wata daga baya. Mafitai suka sake hawa baki.

Zuwa na uku yarinyar kanti ba ta ma tambaya ba, ta tafi kai tsaye ta ɗauko na'ura. Ya ce ba wannan ba, waccan babbar, mai fitila ja da kore kamar danja. Ya haɗa da ƙarafan ɗaure kabad da sukurai masu tsawon yatsa, waɗanda suka fi kowanne tsawo a kantin.

Yarinya ta ce, "Baba, waɗannan sun yi tsawo fa. Ka dai leƙa bayan bangon kuwa?"

"Ke sayarwa aka sa ki ko tambaya?"

Tun a kantin ya kunna ta, ya manna mini a goshi. Tiii! Ya fashe da dariya. "Ka gani? Katako zalla!"

Na karɓa na manna a nasa. Shiru. Na goga hagu, na goga dama. Shiru. Na ce, "Oga, naka ta ce babu komai a ciki."

Ya fizge abarsa ya ce batirin sabo ne, bai gama farkawa ba.

Ranar ce jajiberin walima, zaure ya cika da mata. Ya manna na'ura a bango, ja ta kama, tiii. Ya buɗe baki zai yi magana, ta koma kore. Ya rufe baki, ta koma ja. Kaka Umeno ta ma daina wahalar shiga ciki, tsayawa ta yi a lungu tana tura ƙofa tana jawowa. Tii, shiru. Tii tii, shiru. Wata ta lura ƙarar ta yi daidai da kiɗan rawarsu, sai suka kashe rediyo suka ci gaba da rawa da na'urar Kuramochi. Rantsuwa zan yi, ranar suka fi iya takawa.

Shi kuwa gumi har cikin kunne. Ya bubbuga na'ura, ya cire batir ya lasa, ya mayar. A ƙarshe ya juyo ya nuna su da ita.

"Na gano. Ku ne. Ƙarafan gashinku da surutunku ke rikita ta. Wannan na'ura ce mai kunya, ba ta aiki cikin taron mata."

Fusae ta ce, "Maigida, gobe ne fa walima. In ka shirya hudawa ka faɗa mini, akwai maganar da..."

"Sai na yi nazari," ya ce, ya tattara kayansa ya fita yana ɗingishi.

Nazarin nasa ashe na asuba ne. Fusae ta fita da wuri gidan Ikegami dafa jar shinkafa mai wake, ni ina shago ina yanka kifin walima. Na ji ƙarar inji daga nesa, na ɗauka masu gyaran titi ne. Ashe mutumin ya ari injin huda ya ɓoye cikin riga, ya karɓi makulli wurin Baba Hatano, ya shiga shi kaɗai. An wanke banɗaki tun jiya, an bar ƙofa a buɗe don ya bushe. Ginshiƙi ya tsaya masa kamar soja. Na'ura ta yi ja ba ta ko ƙifta ba. Ya tura kabad, ya kafa ƙarafa sama da gefe, ya ɗirka sukuran nan duka har kai.

Da hantsi tsofaffi suka cika zaure, kowa a kan matashinsa gaban gajerun tebura. Ofishin gari ya aiko baƙo, wani ƙaton saurayi cikin baƙar kwat, an ce kokawa ya yi a makaranta, wuyansa ya fi cinyata. Mata suka shigo da tire. Fusae ta ga kabad manne da bango da ƙarafa masu ƙyalli, sai da miya ta fantsama a tirenta. Ta kalli Ikegami, Ikegami ta kalle ni, ni na kalli kifina. Baƙo ya riga ya zauna, an zuba giya a kofuna. Wa zai ta da maganar banɗaki gaban baƙon ofis kafin a ɗaga kofi? Aka ci gaba da rabo.

Aka ɗaga kofi. Aka sha giya, aka sha miya, aka bi da shayi. Baƙo ya yi jawabi, Baba Hatano ya yi jawabi, Kuramochi ya miƙe ba wanda ya kira shi.

"Iyayena, mutane suna ta tambayata, wane abu ya fi dacewa a nemi ginshiƙi da shi?" Babu wanda ya tambaye shi. "Allura ta 'yan koyo ce. Maganaɗisu na yara ne. Na'ura tana da kyau in ta sami mai iya lallashinta. Amma dukkansu ba komai ba ne in babu wannan." Ya nuna kansa. "Baba, bismillarka, girgiza."

Baba Hatano ya dafa kabad ya jijjiga. Ko motsi. Ya sa hannu biyu. Ko motsi. Kuramochi ya kama saman kabad ya ɗage ƙafafu yana lilo kamar biri. Tsofaffi suka tafa, baƙo ya tafa ya ce zai kai labari ofis. Baba Hatano ya cire usur ya rataya masa a wuya. Ya cire farar hula, ya ɗaga ta da hannu biyu saman sanƙon Kuramochi. Kuramochi ya rufe ido.

Sai muryar Kaka Umeno daga lungu: "Wane mara kunya ne ya riƙe ƙofar nan?"

Hula ta tsaya a sama.

Na leƙa. Kaka tana tsaye da silifas ɗin banɗaki a ƙafa tana jan ƙofa da yatsu biyu, bayanta kuma layi ya fara, tsofaffin da suka sha giya da miya da shayi, kowa yana canza ƙafa. Banɗakin nan kuwa bakinsa yana kallon ƙofar shigowa, duk mai wucewa a titi zai gaishe ka.

Baƙo ya miƙe ya cire kwat. Fusae ta tare shi. "Yallaɓai, don girmanka kada ka..."

"Ba komai, Inna, ɗan aiki ne. Mu ai hidimar tsofaffi muka zo."

Ya sa yatsu ya ja. A cikin zaure kabad ya yi ƙar-ƙar-ƙar, kofuna suka fara waƙa. Ya ƙara ja. Kabad ya yi gir-gir-gir.

Kuramochi ya buɗe ido, ya cusa usur a baki ya busa har kunnena ya toshe. "Girgiza! Na faɗa muku tana tafe! Kowa ƙarƙashin tebur! A rufe kai!"

Mutanen da tun suna yara ake koya musu wannan, ba sa tsayawa tambaya. Kan ka ce me, tsofaffi sun ɗora matasai a ka sun cusa kansu ƙarƙashin gajerun tebura. Wanda ya riga kowa shigewa shi ne sabon shugaba, kai a ciki, ɗuwawu a waje, usur bai daina ba.

Baba Hatano daga ƙarƙashin nasa teburin ya ce, "Kuramochi, fitilar silin fa ba ta motsi."

"Irin mai zuwa ta gefe ɗaya ce, Baba! Ita ta fi haɗari!"

A lungu kuwa baƙo ya ji usur, ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake. Ya tokare bango da ƙafa ɗaya, ya yi wani nishi irin na fagen kokawa, ya fizga. Allon da allura ta riga ta mayar rariya, me zai riƙe? Sukurai suka keta shi ɓarrr kamar ana yaga takarda. Kabad ya taso ya bi ƙofa, ya yi tafiyarsa gefe, ya karkace, ya buɗe baki. Kwanukan da suka ga girgiza iri-iri tun zamanin iyayenmu ba su fashe ba, suka zubo gaba ɗaya. Sai da ƙarar ta lafa muka ji wani ƙaramin murfi yana ta juyawa a ƙasa shi kaɗai.

Baƙo ya shigo zaure rungume da ƙofa, ta fice daga layinta, sukurai tsaye a jikinta kamar bushiya. Ya ce, "Ku gafarce ni, wani ne ya ɗaure ta da ƙusa daga ciki. Ko wane ne, ya iya ɗauri."

Tsofaffi suka fara fitowa da rarrafe, masu jan juna na jan juna. Fusae ta tsuguna kusa da ɗuwawun mijinta ta ce, "Maigida, fito ka gaisa da ginshiƙinka, ga shi an kawo maka har gida."

Ya fito da baya-baya, ya kalli ƙofa, ya kalli ramin bango, ya kalli tarin tangaran. Ya cire usur daga baki. "Amma ku faɗi gaskiya, kafin a ja ta, ya kama ko bai kama ba?"

Baba Hatano ya matso. Ya zare usur daga wuyan Kuramochi, ya goge da hannun riga sosai, ya miƙa wa Inna Ikegami tare da hula. Ta ɗora ta zauna mata ɗas.

Kaka Umeno ta buga sanda a ƙasa. "Ni ban damu da wanda ya sa hula ba. Ƙofa nake so, yanzu!"

Ikegami ta busa usur sau ɗaya, gajere. "A buɗe ɗakin kayan agaji a ɗauko bargo. Kuramochi, unguwa tana cikin bala'i, ga aikinka. Ka tsaya a bakin banɗaki, ka juya baya, ka ɗaga bargo da hannu biyu. Kada ka sauke sai na ce."

Haka ya tsaya har aka tashi walima, hannuwa a sama, fuska tana kallon titi, masu wucewa a keke suna rage gudu. Mu kuma muka ci kifi a faranti na takarda. Kun san mutanenmu, ba sa shiga banɗaki sai sun ƙwanƙwasa. Tunda babu ƙofa, kafaɗarsa suke ƙwanƙwasawa, shi kuma ya amsa, "Da mutum," ko "Babu kowa, shiga." Kowa ya fito sai ya sunkuya masa ya ce sannu da aiki. Kaka Umeno ita kaɗai ta zo ta koma ba adadi, kuma duk zuwa sai ta ce masa ya ɗaga sama, iska na shigowa.

Washegari ina wanke teburin kifi sai ga Kuramochi, hannuwa sun ƙi sauka sosai, yana tafe kamar kaguwa. Na yi niyyar in yi masa shiru don tausayi. Ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya matso.

"Gonda, kai shaida ne. Ita Ikegami da ta sa hular, mutum nawa suka sunkuya mata jiya? Ni kuwa kaf dattawan unguwar nan sai da suka yi layi a gabana."